Barcin Ɗakin Tiyata da Amanar Mai Tsaronsa

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya buɗa wa 'yan Adam a ƙarnuka biyu da suka shige, waɗanda yawan sabo da su ya sa muka daina lissafa su cikin abin godiya, kaɗan ne suka kai wannan barci da ake sa majiyyaci a ɗakin tiyata, barcin da ke ɗauke masa ji da gani da sanin raɗaɗi, har a tsaga cikinsa, a fitar da abin da ke cutar da shi, a ɗinke, sa'an nan ya farka yana tambaya ko an soma aikin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wani sauyi da ke aukuwa a asibitocinmu ba tare da an ji motsinsa ba. Maganin shaƙa da ake kira halotan, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin aikin tiyata a ƙasashen Afirka, masu sarrafa shi sun juya masa baya, kuma a ganina, muddin hukuma ba ta yi tanadi tun da wuri ba, talakan karkara da ɗansa ƙarami su ne za su ɗanɗana kuɗar wannan sauyi, alhali ba a yi shawara da su ba.

Ba zai yiwu a san darajar abin ba sai an tuna yadda al'amari yake kafin zuwansa. A zamanin da, gwanintar mai fiɗa tana cikin saurin hannunsa ne, domin majiyyaci yana farke, ƙarti suna danne da shi, kuma kowace daƙiƙa da aka ƙara azaba ce da ke iya kai shi ga halaka. Likitocin Musulunci sun yi iyakar ƙoƙarinsu a wannan fage. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin magunguna masu kashe jin zafi a cikin littafinsa Alƙanun, irin su afiyun da banju, Zahrawi na Andalus kuwa ya keɓe wa aikin hannu babi na ƙarshe a cikin Attasrif, har da zanen kayan fiɗa. Fukaha'u ma ba su bar mas'alar ba hukunci ba. Shehu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sa barci ya ɗauke ji da gani gaba ɗaya, Ibn Farhun kuma ya nuna halaccin shan mai sa barcin idan za a yanke gaɓa, saboda larura. Ke nan wanda ke ɗari-ɗari da banjun asibiti da sunan addini ba shi da hujja a wurin magabata. Abin da ya gagari likitocin wancan zamani shi ne awo: maganin da aka haɗiye ya riga ya shiga jiki, ba a iya janye shi, kuma tazarar da ke tsakanin gwargwadon da ke sa barci da gwargwadon da ke kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Hikimar maganin shaƙa ita ce ta warware wannan ƙulli, tun da abin da ya shiga ta huhu yana iya fita ta huhu. Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Masacusets da ke birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin eta, likitan fiɗa John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da ya yi kururuwa ba. Kafin shekarar ta ƙare labari ya tsallaka teku, Robert Liston ya yanke ƙafar wani mutum a Landan da wannan magani. A watan Nuwamba na 1847 James Young Simpson na Edinbara ya fito da kulorofom, ya yi amfani da shi wajen karɓar haihuwa. Amma murna ba ta yi nisa ba, domin a Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a kusa da Niyukasil bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa kawai. Wanda ya fi kowa fahimtar darasin da ke cikin wannan musiba shi ne likita John Snow, wanda ya duƙufa a kan auna yawan tururin da ke shiga ƙirjin mutum, ya ƙera na'urar shaƙa, ya mai da aikin sana'a mai ƙa'ida, har ya zama shi aka kira ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom a haihuwarta ta 1853. Tun daga wancan lokaci ya tabbata cewa ruwan da ke cikin kwalba ba ya tsare rai da kansa, sai da idon mai aunawa.

Eta da kulorofom sun yi mulkin ɗakin tiyata kusan shekara ɗari, kowanne da aibinsa. Kulorofom yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya, yana kuma cutar da hanta. Eta ya fi shi aminci, amma yana da wari mai shaƙe maƙogwaro, yana jinkirin kama mutum, yana sa amai bayan farkawa, kuma mafi muni, yana kama wuta, ta yadda tartsatsi ɗaya daga kayan lantarki ya isa ya tayar da gobara a kan majiyyaci. Saboda haka ne wani masanin haɗa sinadarai, Charles Suckling, da ke aiki a kamfanin ICI a Ingila, ya zauna da niyya yana neman ruwan da zai sa barci ba tare da ya ci wuta ba, ya kuwa haɗa halotan a 1951, likita Michael Johnstone ya fara amfani da shi a kan marasa lafiya a Mancesta a 1956. Cikin 'yan shekaru ya mamaye duniya da sunan kasuwa Fluothane, kuma ya cancanci hakan. Ruwa ne garau mai ɗan ƙamshi, ba ya kama wuta, ba ya tayar da tari, kuma yana da ƙarfi har ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ake shaƙa kan isa ya riƙe babban mutum cikin barci. Yaron da ke tsoron allura, ko wanda jijiyarsa ta ɓuya saboda rashin ruwa a jiki, sai a ɗora masa takunkumin roba a hanci da baki, ya ja numfashi kaɗan, ya lumshe ido ba tare da kokawa ba. Ga shi kuma da arha. Wannan arha da wannan sauƙi su suka sa ya zauna daram a asibitocin gwamnati da na mishan daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, bayan ƙasashe masu arziki sun daɗe da sallamarsa.

Ba zan ɓoye illolinsa ba, domin ba don banza aka sallame shi ba. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na halotan da ya shiga jiki hanta ce ke narkar da shi, kuma a wasu mutane ƙalilan abin da ke fita daga wannan narkewa yakan tunzura garkuwar jiki ta auka wa hantar kanta, sai bayan kwanaki da tiyata a ga zazzaɓi da shawara, wani lokaci hantar ta lalace baki ɗaya. Babban binciken da aka gudanar a Amurka a shekarun 1960 ya nuna wannan mummunan nau'i yana da wuyar aukuwa, wajen mutum ɗaya cikin 35,000, amma idan ya auku yakan zo da ajali, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda aka maimaita wa maganin cikin ɗan gajeren lokaci, shi ya sa aka shar'anta kada a sake ba mutum shi kafin wata uku su cika. Yana kuma rage ƙarfin bugun zuciya, yana rikita tsarin bugun, musamman idan an haɗa shi da allurar adirinalin. Yana sakin naman mahaifa, wanda ke iya ƙara zubar jini ga matar da aka yi wa aiki aka ciro jariri. Sa'an nan akwai wata cuta ta gado, wadda likita Michael Denborough ya bayyana a Ostareliya a 1960 bayan ya bibiyi wani dangi da mutum 10 a cikinsu suka rasu a dalilin banju, inda jiki ke ɗaukar zafi mai tsanani, tsokoki su sandare. Halotan yana tayar da ita, ko da yake 'yan'uwansa na zamani ma suna tayarwa, kuma maganinta, dantirolin, yana da tsada da wuyar samu a ƙasashenmu.

Don haka aka samar da magadansa. Aisofuluran, wanda ya bazu a farkon shekarun 1980, ɗan abin da hanta ke narkarwa daga cikinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ya fi sauƙi ga zuciya. Sebofuluran, wanda aka fara amfani da shi a Japan a 1990, yana da laushin shaƙa irin na halotan, mutum kuma yana saurin farkawa daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin jerin muhimman magunguna a 2023. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Piramal na Indiya, wanda shi ne babban mai sarrafa halotan da ya rage, ya daina yin sa. Ga wanda ke zaune a Landan ko Tokiyo wannan ba labari ba ne. Ga ƙaramin asibitin da ke da ɗakin tiyata guda da na'ura guda, babban al'amari ne, kuma a nan nake son mai karatu ya natsu da ni.

Waɗannan magunguna ba a zuba su haka kawai a shaƙa. Kowanne yana da na'urarsa ta musamman da ke mai da ruwan tururi, ta gauraya shi da iskar oksijin bisa gwargwadon da aka saita, kuma an ƙera kowace na'ura ne daidai da ɗabi'ar ruwanta, har an ba su launi don kada a yi kuskure: ja na halotan, shunayya na aisofuluran, rawaya na sebofuluran. Asibitin da na'urarsa ja ce, ranar da kwalbar halotan ta ƙarshe ta ƙare, ko an kawo masa katon-katon na sebofuluran kyauta ba zai amfana da shi yadda ya kamata ba sai an kawo na'urar da ta dace, an kuma koya wa ma'aikaci sabon awo. Aisofuluran ya fi kusa da aljihunmu, amma yana da kaifin wari da ke sa yaro tari da riƙe numfashi, wani lokaci maƙogwaronsa ya kulle, don haka bai dace da soma sa wa yara barci ta takunkumi ba. Sebofuluran, wanda ya dace da yara, shi ne mai tsada, ana kuma buƙatar ninkin abin da ake buƙata na halotan fiye da sau biyu kafin ya yi aiki iri ɗaya. To, su wane ne yaran da ake kaiwa ɗakin tiyata da tsakar dare a ƙasar Hausa? Yaron da taifot ya huda wa hanji, da jaririn da hanjinsa ya sarƙe, da wanda ya faɗa wuta lokacin sanyi, da wanda mota ta kaɗe a bakin kasuwa. Su ne sauyin zai fara shafa.

Na san akwai mai cewa ai ga ketamin, ga kuma allurar baya, me za a yi da tururi? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin ketamin ya ceci rayuka marasa adadi a wuraren da babu lantarki, allurar baya kuwa ita ce mafi dacewa ga yawancin tiyatar haihuwa, kuma ina goyon bayan a yawaita ta. Sai dai allurar baya ƙasan jiki kawai take kashewa, tana da iyakar lokaci, ba a kuma yi wa wanda jininsa ya zuba da yawa. Ketamin kuma ba ya sakin tsokokin ciki yadda mai fiɗa ke buƙata a dogon aiki. Aikin ƙirji, da na kai, da doguwar tiyatar ciki, ba su da makawa daga cikakken barci tare da bututun numfashi. Wanda ya ce asibitin karkara ya wadatu da rabin kayan aiki, haƙiƙa ya yanke wa mutanen karkara hukuncin cewa rabin cututtukansu ne kaɗai suka cancanci magani.

Amma ko da an sayo kowace na'ura, zancen bai ƙare ba, domin jigon al'amarin mutum ne. Mai sa barci a ɗakin tiyata kamar mai riƙe da igiya ne a bakin rijiya, wanda ya zura ɗan'uwansa ciki: aikin da ake yabo a ƙasa ake yin sa, amma ran yana hannun na sama, kuma gafalarsa ta ɗan lokaci ta isa. Shi ne ke duba majiyyaci kafin aiki, ya auna nauyinsa da jininsa, ya zaɓi magani, ya zura bututu a maƙogwaro, ya riƙa numfasawa a madadinsa, ya sa ido a kan bugun zuciya da launin leɓe da yawan jinin da ya zuba, ya ƙara tururi ko ya rage, kuma ba ya barin wurin sai numfashi ya komo hannun mai shi. Duk da haka jama'a sunan likitan fiɗa suka sani, shi ake kai wa godiya, ɗaliban likitanci ma da yawa suna ƙyamar wannan fanni saboda ba shi da suna. Tarayyar ƙungiyoyin likitocin banju ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000. Nijeriya da Nijar ba su kai ko ɗaya ba, 'yan kaɗan ɗin da ke akwai kuma sun taru a manyan birane irin su Kano da Zariya da Yamai, wasu kuma suna ficewa ƙetare neman abin da ya fi. Kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata da banju masu aminci da za su iya biya. A yawancin garuruwanmu ma'aikatan jinya masu horon sa barci ne ke riƙe da wannan amana, sau da yawa mutum ɗaya tak dare da rana, kuma sun cancanci girmamawa da ƙarin ilimi da albashin da zai zaunar da su. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma yi kukan yadda gari kan cika da masu fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Ban ga dalilin da zai fitar da ilimin sa barci daga wannan hukunci ba, tun da tiyata ba ta tsayuwa sai da shi, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa, wanda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya gano asalin hikimarsa a shekarun 1970. Yana nuna yawan oksijin da ke cikin jini, yana kuma yin ƙara tun kafin leɓe ya canja launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin takardar binciken amincin tiyata da ta fitar a 2008. Kuɗinsa bai kai na babur ba. Ina ganin abin kunya ne a gina asibiti mai hawa biyu, a yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, sa'an nan a kwantar da ɗan Adam a sa shi barci babu wannan ma'auni a yatsarsa, babu tukunyar oksijin ta ajiya idan wuta ta ɗauke.

Jama'a ma suna da nasu kason na amanar. Idan aka ce majiyyaci ya kame bakinsa daga abinci na awa 6 kafin aiki, ba mugunta ba ce: mai barcin banju ba ya iya tari, abin da ya taso daga cikinsa huhu yake wucewa, kuma tun 1946 likita Curtis Mendelson na Niyok ya bayyana irin ɓarnar da hakan ke yi wa mata masu haihuwa. Uwar da tausayi ya sa ta ɗura wa ɗanta kunu a ɓoye, ta jefa shi cikin haɗarin da take gudu. Haka nan wanda ke shan taramol ko kodin ko wani jiƙo, wajibi ne ya faɗa wa mai sa barci gaskiya, domin awon maganin a kan abin da aka gaya masa yake gina shi, kuma sirrin majiyyaci amana ce a wuyansa. Wanda ya taɓa yin shawara bayan wata tiyata, ko wanda wani danginsa ya rasu a kan gadon aiki da zafin jiki mai tsanani, ya ambata tun ba a tambaye shi ba. Maigidan da aka miƙa wa takardar amincewa don a yi wa matarsa aiki kuwa, kada tsoron cewa ba za ta farka ba ya sa ya tafi neman shawarar dangi har gari ya waye. A mafi yawan lokuta jinkirin ne ke kisa, tun da doguwar naƙuda da zubar jini su ke raunana mace har banjun ya yi mata nauyi.

Kirana ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu da hukumomin lafiya na Nijar shi ne su aika a ƙirga ɗakunan tiyatar da har yanzu suka dogara ga jar na'ura, su sa kuɗin sauya ta a kasafin bana, su sayi aisofuluran don manya da sebofuluran don yara ta hanyar saye na bai ɗaya domin farashi ya sauko, su tanadi oksijin da ma'aunin yatsa a kowane ɗaki, su kuma ɗauki nauyin karatun matasa likitoci da ma'aikatan jinya a wannan fanni bisa sharaɗin su koma yi wa garuruwansu hidima. Attajiranmu masu neman inda za su ajiye sadaka mai gudana, ga wuri a buɗe. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka ce za a yi wa naka aiki, ka nemi ganin wanda zai sa shi barci, ka amsa tambayoyinsa da gaskiya, ka tambaye shi ko akwai oksijin da ma'auni a ɗakin, domin haƙƙinka ne ka sani.